Na Kanwa Ne

A gidanmu na Salaga ba wanda ya taɓa gane aikin da nake yi, kuma laifina ne, don ban taɓa zama na yi musu bayanin gaskiya ba. Ni ma'aikaciyar ɗakin bincike ce a Tamale. Aikinmu gwada saiwoyi da ganyayen da masu maganin gargajiya ke bai wa masu hawan jini. Mukan yanko ɗan guntun jijiyar ɓera, mu rataye shi da zare siriri cikin ruwan ɗumi, mu ɗiga masa ruwan saiwa, mu zuba ido mu ga ko zai saki jiki. In ya saki, sai mu shiga neman ta inda maganin ya bi.

A jikin kowace jijiya akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, inda wani gishirin jiki da ake kira fotasiyam yake fita. Jijiya in ta harba, ta wannan ƙofa take samun hutu. Muna da wata farar hoda mai toshe ƙofar. Sunanta dogo ne, mu dai 4-AP muke ce mata. Abin da muke ɗiba bai kai ƙwayar gero ba, shi ma sai an narkar da shi an sirka an sake sirkawa, da safar hannu da abin rufe hanci. In ta shiga jikin mai rai da yawa, jijiyoyinsa za su yi ta harbawa ba tsayawa, ya yi ta fizge-fizge kamar mai farfaɗiya. Wani ya tashi, wani ba ya tashi.

Gwaggo, yayar babanmu, ita ta riƙe mu ni da ƙanwata tun rasuwar mahaifiyarmu. Wata rana ta ritsa ni a tsakar gida ta ce wai me nake yi a Tamalen nan da ba allura ba, ba awon ciki ba. Na ce mata fotasiyam. Ta ce fota me? Sai na tuna 'yan boko a kasuwa suna kiran kanwa da wani suna mai kama da wannan, na ce, "Kanwa, Gwaggo. Kanwar da ke cikin jinin mutum nake bincike." Na san ba haka ba ne. Kanwar miya gishirinta daban. Amma amsar ta kashe maganar, ni kuma abin da nake so ke nan. Tun daga ranar na zama malamar kanwa a unguwarmu, har tsofaffi na tare ni a hanya su tambaye ni ko ja ta fi fara amfani. Nakan ce ja, in wuce.

Ƙanwata kuma sunan kakarmu aka sa mata, don haka ba mai kama sunan a gidan. Ni na fara ce mata Ƙanwa tun ina yarinya, ya bi ta har gidan miji. Mu gidanmu tsofaffin fataken goro ne, Hausarmu ba ta zube ba, Gwaggo kuwa gadinta take yi. In ka ce kofa ta ce maka ƙofa, in ka ce ya zo alhali mace ce, ta tambaye ka yaushe ta yi gemu. Amma zongo, unguwar tamu ta Hausawa, ba gidanmu kaɗai ba ne. Matar kawu Bagwanjiya ce, ba Bahaushiya ba, ta fi shekara talatin a gidan, maƙogwaronta bai taɓa yarda da wannan harafi na ƙofa ba. Ƙanwa da kanwa duk abu ɗaya ne a bakinta da kunnenta. Na sha tsokanarta a kan haka. In ce mata, ce ƙuda, ta ce kuda, in yi ta dariya ita ma tana taya ni. Ina jin daɗin abin sosai a lokacin, ina ganin na fi ta wani abu.

A daminar da Ƙanwa ta haifi ɗanta na biyu a Bawku, hodarmu ta ƙare a wurin aiki. Odar waje wata da watanni take yi, sai shugabana ya roƙi wani abokinsa a Kumasi ya sam mana. Ni aka aika. Suka ɗibar mana kamar cokali biyu a wata 'yar kwalba ruwan ƙasa mai baƙin murfi, suka manna farar takarda, suka rubuta sunan da biro. Kwalbar asali da suka ɗiba a ciki ita ce mai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, hoton da ko manomin da bai shiga aji ba ya san shi daga jikin maganin feshi. Tamu ba ta da komai sai rubutun biro. Na lura da haka, na yi shiru, don sauri nake yi.

Abin da ya kamata shi ne in bi kwalta ta Kintampo in sauka Tamale a ranar, in kulle kwalbar a inda ake kulle irinta. Amma ranar Alhamis ce, ba mai nemana sai Litinin, ga shi na ji Gwaggo za ta tafi Bawku ta zauna da mai jego har arba'in. Na ce bari in bi ta Yeji, in haye ruwa, in kwana biyu a gida.

Na iske ɗakin Gwaggo ba wurin sa ƙafa. Atamfa, sabulun salo, daddawa, yaji, busasshen kifi, man kaɗe, ga doya jibge a bakin ƙofa. Matar kawu na durƙushe tana ɗaure kaya. Na san halin gidanmu, jakar wanda ya dawo daga kudu ba tasa ba ce, kowa sai ya sa hannu neman tsaraba. Don haka na zaro kwalbar na ɗora ta can saman kabad, bayan jeren kwanonin Gwaggo, ina ganin na yi dabara.

Matar kawu ta ɗago kai. "Wannan fa, na wa?"

Ina cire takalmi, ƙafata ta kumbura, kaina na sarawa da rana da ƙarar injin jirgin ruwa. Ko juyowa ban yi ba. Na ce, "Na kanwa ne. A bar shi nan."

Ta ce, "To."

Washegari Juma'a bayan asuba Gwaggo ta kama hanya. Za ta kwana a Yendi wurin Inna, 'yar'uwar mahaifiyarmu, sannan ta wuce Bawku ranar Asabar. Ni da hannuna na kama kunnen babbar jakar muka ɗora ta a kan babur mai ƙafa uku. Har ina yi wa Gwaggo tsiya cewa ta kwashe Salaga gaba ɗaya za ta kai wa surukai. Na koma na yi barcina, na wuni ziyara, na ci tuwon doya a gida uku.

Sai ranar Asabar da safe, ina haɗa kayana, na miƙa hannu saman kabad. Na shafa bayan kwanonin, na sake shafawa. Na taka kujera na leƙa, na sauke kwanonin ɗaya bayan ɗaya. Ba komai sai zanen gindin kwalba a kan ƙura.

Na fito tsakar gida ina kiran matar kawu da muryar da ban taɓa yi mata ba. Ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Ina kwalbar da na ajiye a saman kabad?"

"Ba ke ka ce na Kanwa ne ba? Na sa shi cikin kaya." Ta ga fuskata, ta ƙara da sauri, "Na bude na gani, fari tas. Na ce wannan kanwa na asibiti ne, malama ya kawo ma kanwan shi, za a yi mishi kunu."

Na tsaya ina kallonta. Komai na maganarta daidai yake. Malamar kanwa ta zo da farar hoda, ta ajiye a ɗakin da ake haɗa kayan mai jego, ta ce na Ƙanwa ne, a bar shi nan. Mai jego kuwa a wajenmu kunun kanwa take sha safe da yamma bayan wanka, har ta yi arba'in. Ko ni ce a matsayinta abin da zan ji ke nan. Amma ban faɗa mata haka ba. Na balbale ta da faɗa, na ce shekara talatin ta kasa koyon magana, na ce mutum ya tambaya mana kafin ya taɓa abin da ba nasa ba. Ta ce ai ta tambaya. Na yi kamar ban ji ba.

Ta ce, "Mene ne a ciki?"

Na ce, "Kayan aiki ne."

A nan na fara ɓoye kalmar. Guba ce, sunanta ke nan a Hausa, ba ta da wani. Amma a unguwa irin tamu in an ce guba, ba a tambayar wace iri ce, wa ya kawo ake tambaya, kuma wa aka nufa. Ga aikina. Ranar da aka ji na kwana biyu da wannan kwalba a ɗakin tsohuwa, ranar zan bar ɗakin bincike. Na ce a raina bari in gyara abin shiru, ba wanda zai sani.

Na kira Gwaggo, waya a kashe. Haka take yi in za ta yi tafiya, ta kashe ta ta naɗe a hankici, wai kada kuɗin ciki su tsiyaye a hanya. Na kira Inna a Yendi.

"Gwaggonki ta tafi tun da asuba," in ji Inna. Muryarta a shaƙe kamar mai mura. "Kwalba? Wata 'yar ruwan ƙasa? Tana nan, ga ta a kan taga. Na ajiye."

Na zauna a bakin rijiya na yi hamdala. Har na sha koko da ƙosai. Ban tambayi Inna dalilin da ya sa kwalbar ta tsaya a Yendi ba, don ba na son jin komai bayan wannan amsa. Ban kuma ba matar kawu haƙuri ba. Na ɗauki jakata na shiga motar Yendi, ina lissafin daga can Tamale kusa ce, kafin la'asar na kulle abata na huta.

Hantsi ya yi sosai muka isa. Gidan Inna gida ne mai zabi, tun daga bakin layi kake jin kukansu, har maƙwabta sun gaji da ƙorafi. Ranar na shiga zaure ban ji komai ba. Na yi sallama, muryata ta dawo mini. A gindin katanga na gan su a jere, ƙafafu a sandare, wuya a karye ta baya, ƙudaje sun fara taruwa.

Inna ta fito da ɗankwali ɗaure tam a goshi. Ta ce annoba ce ta shigo mata. Jiya da la'asar suka fara, wani irin kuka da ba ta taɓa ji ba, suna tashi sama suna buga bango suna faɗowa. Ko ɗaya ba ta samu ta yanka ba, don ita ma a lokacin ba ta san inda kanta yake ba. Leɓenta ya mutu, hannunta na karkarwa, ƙasa na juya mata. Ta ce hawan jininta ne ya motsa saboda baƙin cikin zabin.

Na wuce ta na nufi taga. Kwalbar na nan a kife, an wanke ta tas, an ɓare takardar.

"Kyakkyawar kwalba ce," in ji Inna a bayana. "Da ba ki nema ba turare zan zuba. Na ɗauraye ta na zuba wa zabi ruwan a kaskonsu, kin san kanwa na gyara musu ciki."

Na ce, "Inna, hodar fa?"

"Ai 'yar mitsitsiya ce. Ke ma dai, a kai wa surukai abu cokali biyu, ba kya jin kunya? Na daka jar kanwata mai kyau na haɗa, ta yi auki, na ɗaure wa Gwaggonki a leda." Ta ɗan taɓa leɓenta. "Na lasa kafin in haɗa. Ɗaci gare ta, ga ƙarfi paa. Kanwar Turawa ba wasa ba."

Tana faɗa tana kallon zabin, ba ta haɗa biyun ba. Ni na haɗa. Yanzu ba kwalba, ba takarda, ba fari ma, don jar kanwa ta haɗiye ta. Abin da Gwaggo ke ɗauke da shi a cinya zuwa Bawku kanwa ce kamar ta kowa, kuma ita aka fi ɗokin a fara amfani da ita, tun da daga hannun malama ta fito.

Na ce wa Inna a haƙa rami mai zurfi a binne zabin, kada ko kare ya ci. A fasa kaskon. Kwanon da ta haɗa a ciki a jefar da shi. In jikinta ya sake rawa ta tafi asibiti. Ta daɗe tana dubana, sannan ta zauna a ƙasa a hankali, ba tabarma.

"Me ke cikin kwalbar nan?"

Na ce, "Magani ne mai ƙarfi." Na fita da gudu.

Wayar Ƙanwa ta faɗa ruwan wanka tun kwana uku da haihuwa, duk mun sani. Mijinta ya haye iyaka cin kasuwar shanu, layinsa na nan ba ya shiga. Hanya ɗaya ta rage, wayar uwar mijinta, Hajiya, dattijuwa mai riƙe da gidan da duk wanda ke cikinsa. Hausarta irin ta matar kawu ce. Na kira ta a tashar Yendi, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na kira a Gushegu. Daga can ba motar da ta cika, na hau bayan babur zuwa Nalerigu, ruwan damina ya cinye hanya, muna sauka muna turawa, ina kira da hannu ɗaya. Hajiya ba ta yawo da waya. Takan bar ta a kan gado ta shiga harkarta.

Sai da muka bar Nalerigu a wata tsohuwar mota, mu huɗu a kujerar mutum uku, aka ɗauka. A damana wani dattijo ne mai carbi, a haguna wata mata da kaza a cinya. Tun da muka taso Hausa ake yi a motar.

Na gaishe ta. Wannan yana cikin abin da ba na yafe wa kaina. Na ce ina wuni, ya gida, ya mai jego, ya jariri, ya ruwa, ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ni ma ta tambaye ni aiki na amsa. Sannan na ce ko Gwaggo ta iso.

"Ya iso lafiya. Ya kawo kaya dayawa, Allah shi saka."

"Hajiya, akwai wata kanwa a leda cikin kayan. Kada a ba Ƙanwa."

Layin na tsinkewa, ga injin mota. "Kanwa? E, na gani. Za a ba Kanwa. Yau ma za a yi mishi."

"A'a, Hajiya. Kada a ba ta. Kanwar ba ta da kyau."

Sai ta yi dariya, dariyar jin daɗi. "Haba diya na. Yana da kyau mana, na gani da ido na. Ku mutanen Salaga haka kuke, ku kawo abu mai kyau ku ce ba kyau."

Gaskiyarta. Haka muke. In ka kai wa suruki kaya, kai za ka fara kushe su, ka ce ba yawa, ka ce ba su yi kyau ba, a yi haƙuri, shi kuma ya yaba. Ladabi ta ji a bakina. Kalma ɗaya ce za ta raba wannan da wancan, kuma tana kan harshena. Dattijon ya daina jan carbi. Matar mai kaza ta juyo tana kallon bakina. Na ji yadda maganar za ta fita daga motar nan ta riga ni shiga Bawku, a ce dangin matar sun aiko da guba gidan miji. Na hango Ƙanwa tana zaune da wannan magana a gidan har ta tsufa. Na hango shugabana. Duk wannan cikin daƙiƙa biyu ne ko uku.

Na ce, "Hajiya, don Allah a jira ni, ina hanya."

Ban san ko ta ji ba. Motar ta fara gangara dutsen Nakpanduri, layi ya ɗauke. Na yi ta dannawa har muka sauka ƙasa, da layin ya dawo kuma wayar ta koma kan gado. Na aika saƙon rubutu, a nan na rubuta kalmar ɓaro-ɓaro, alhali na san Hajiya ba ta karanta boko. Na tsani kaina a wannan mota, tsana ta gaske, ban kuma daina ba tukuna.

Hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, bai zubo ba. Kusa da Bawku aka tsayar da mu a shingen sojoji sau biyu, kowa ya sauka, a buɗe jaka, a duba, a koma. Ina tsaye a layi ina kallon rana tana sauka, ina lissafin lokacin da ake ɗora ruwan wankan yamma. Wani soja ya ɗaga kwalbar da Inna ta wanke, ya sunsuna, ya mayar mini.

La'asar ta wuce na isa ƙofar gidan. Tun daga waje na ga ruwa yana fitowa ta magudana, yana tururi, da ganyen darbejiya a ciki. An gama wanka. Na shiga ba sallama. Hajiya na bakin murhu, tukunyar kunu a gefe an kankare ta, ledar a buɗe a kan kujera da cokali a tsaye a ciki. Ta fara yi mini maraba, na wuce ta kamar ban ga mutum ba.

Ƙanwa na zaune a bakin gado, jikinta na sheƙin man kaɗe, ƙwarya a gindin ƙafarta ba komai a ciki. Gwaggo na kan tabarma ta miƙe ƙafafu, jaririn na kwance a hannunta.

"Yaya, ke ce? Ba ki ce za ki zo ba."

"Kin sha kunun?"

Ta dubi bayana. Hajiya ta biyo ni, tana tsaye a bakin ƙofa, matan gidan biyu na leƙe ta kafaɗarta.

"Na sha," in ji Ƙanwa. "Na shanye tas."

Sai a lokacin na faɗa. Na ce guba ce. Na ce abin da ke cikin kanwar nan guba ce ta wurin aikinmu, ni na kawo ta gida, ba wanda ya sani sai ni. Kalmar ta fita da sauƙi, ba ta fi kowace kalma nauyi ba. Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya motsa. Na kama hannun Ƙanwa ina ja, ina cewa ta tashi mu tafi asibiti yanzu, kada ta ba yaron nono, a nemo abin hawa. Ta ƙi tashi. Ba ni take kallo ba.

"Yaya," ta ce a hankali, "ba ni na sha ba."

Daga baya na ji sauran. Kunun kanwa ba ya zama a cikin Ƙanwa, tun haihuwar fari. Hajiya kuma ba ta yarda a dawo mata da ƙwarya da saura. Kwana da kwanaki Ƙanwa na sha tana amayarwa a ɓoye. Da Gwaggo ta iso ta ji haka, ta ce ba za a ce 'yarta ta raina abincin uwar miji ba. Da aka kawo na yamma, Hajiya na juya baya, Gwaggo ta karɓi ƙwaryar ta kafa kai.

Na juya. Gwaggo na nan a kan tabarma. Hannuwanta take kallo, a ƙarƙashin jaririn. Babban yatsanta na dama yana motsi shi kaɗai, yana tsalle yana komawa. Gumi ya tsattsafo mata a saman leɓe. Ta ɗago ta dube ni, idonta tar, ba tsoro a ciki.

"Karɓi yaron nan."

Na karɓa.

"Ja baya da shi."

Na ja baya. Ta gyara zanenta, ta rufe ƙafafunta, ta fara kalmar shahada. Ba ta kai ƙarshe ba abin ya ɗauke ta.

Ba zan ba da labarin abin da na gani a kan tabarmar nan ba. Na sha ganin layi yana tsalle a allon na'ura in mun ɗiga hodar, in rubuta a littafi cewa ta yi aiki. Ban taɓa tunanin yadda yake a jikin mace mai shekara saba'in ba. A bayan babur ɗin ɗaukar kaya muka kai ta asibiti, ina riƙe da kanta a cinyata, Hajiya na riƙe da ƙafafu, ruwan da ya wuni yana haɗuwa ya sauko a kanmu. Likita ya tambayi abin da ta sha. Na faɗa masa cikakken sunan, na rubuta masa, na faɗa masa yadda yake aiki da abin da ke kwantar da shi. Ya dube ni ya ce ai na san abin sosai. Suka yi mata allura, ta lafa, ta sake tashi, suka sake yi.

Kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Kafaɗarta ta goce, ta ciji harshenta har sai da aka ɗinke. Hajiya na zuwa safe da yamma da abinci, ta ajiye, ta gaishe da masu jinya na gadon kusa, ta fita. Ni ba ta ce mini ko kala ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ranar ta uku da hantsi Gwaggo ta buɗe ido. Ina zaune a gefen gadon. Ta daɗe tana kallon rufin ɗakin, sannan ta tambayi yaron. Na ce lafiyarsa ƙalau. Ta tambayi uwarsa, na ce tana waje a kan benci, ko ɗigo ba ta sha ba. Ta lumshe ido ta yi hamdala. Leɓenta ya bushe ya tsage, na zuba ruwa a kofi na matso.

Maganarta na fita da ƙyar saboda harshen. Ta ce, "Ina zaune kusa da Hajiya sa'ad da kika kira. Na ji tana dariya."

Na ce, "E, Gwaggo."

"Lokacin kin san mene ne?"

"Na sani."

Ba ta yi faɗa ba, ita da ba ta barin ko kuskuren harafi ya wuce. Na sa hannu a ƙeyarta zan ɗago ta, na kai kofin bakinta. Ta kau da kai.

"Ajiye," ta ce. "Kira mini Ƙanwa ta ba ni."